Shekarar da Aka Binne Irin Inna

Ba zan rantse cewa duk abin da zan faɗa haka ya faru daki-daki ba. Ina ƙarama a lokacin, ina firamare, kuma na lura abin da mutum ya daɗe yana juyawa a zuciya yakan sauya kama bai sani ba. Amma akwai abubuwan da ba na shakka a kansu: ƙamshin hayaƙin ɗakin kakata, da zafin ƙasar gonarmu a tafin ƙafata, da ɓacin ran da har yau yake taso mini in na tuna shekarar nan.

Kakata ta wajen uba ce, kowa a gidan Inna yake ce mata. Sunanta aka sa mini, don haka mahaifina ba ya kiran sunana, Ummi yake cewa, ita kuma ta ce Takwara. Gidanmu yana wani ƙauye bayan Basirka, a ƙasar Gwaram, amma ita daga wajen Sundimina aka auro ta. Cikin kayan da ta zo da su akwai ƙullin irin gero da mahaifinta ya ba ta, kuma shi gidanmu yake shukawa tun kafin a haifi Baba. Gajeren gero ne, zangarniyarsa cike dam, furarsa tana da wani gardi da ban sake ji a ko'ina ba, ko da yake na yarda bakin yaro ba abin dogaro ba ne. Duk shekara kafin a yi girbi Inna da kanta take shiga gona, ta zaɓi zangarniyoyin da suka fi kyau, ta ɗaure, ta rataye su a rufin ɗakinta daidai saman murhu, inda hayaƙi zai kori ƙwari. Ko da bazara ba ta barin murhun nan ya mutu gaba ɗaya.

A gindin wannan iri muke shan tatsuniya. Da an gama tuwon dare sai ni da ƙanena Nasiru da 'ya'yan maƙwabta mu taru. In sanyi ne mu cushe a ɗaki muna miƙa ƙafafu wajen wuta, in zafi ne ta jawo tabarma bakin ƙofa, garwashi yana ja a bayanta. Inna ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke buɗewa. Sai ta gyara zama, ta ce, "Na kamo wata a bayan rumbu, tana ta shure-shure." Mu kuma mu ce, "Sake ta mu gani!" In ta gama sai ta ce ta mayar da ita inda ta kamo ta, wanda ya bi ta ƙaya ta soke shi, kowa ya tashi. Tana da murya iri-iri. Ta iya maganar mai gari da ƙasaita, ta iya ta ɓarawo, ta iya kukan jaki har jakin maƙwabcinmu ya taɓa amsa mata.

A shekarun nan ne aka yi mana sabuwar jiha. Na tuna murnar, na tuna yadda manya suke cewa yanzu gwamnati ta matso kusa da mu. Dutse ta zama babban birni, aka shiga gini ba ji ba gani: ofisoshi, gidajen ma'aikata, tituna. A da maza sukan tafi ci-rani bayan girbi, su dawo kafin ruwa ya sauka. Haka aka gada, kuma gona ba ta taɓa cutuwa da hakan ba. Amma ginin Dutse bai san rani da damina ba. Baba ya tafi yana lebura, yana ɗaukar bulo da kwanon siminti, yana koyon birkila a gefe. Ƙanensa Baffa Sale kuwa ya sayar da awakinsa ya haɗa ya sayi babur, yana acaɓa tsakanin Basirka da Gwaram. Ƙauyenmu ya koma na tsofaffi da mata da yara.

A ƙarshen bazarar wannan shekara, hadari ya fara leƙowa ta gabas yana komawa, sai ga Baba ya dawo. Muka yi ta tsalle, mun zaci ya dawo ke nan. Ashe izini ya roƙa na ɗan lokaci. Mai kwangila ya gaya musu wanda ya tafi ya zauna kada ya dawo, ga mutane nan a bakin ƙofa suna jiran gurbi. Don haka Baba ya ce gobe zai yi binne, ya koma.

Ga wanda bai sani ba, binne shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya zo, a bar shi ya jira. In ruwan farko ya sauka da ƙarfi, ka riga kowa. In ya zo kaɗan ya ɗauke, irin ya tsiro, rana ta ƙone shi, ka yi asara. Shi ya sa ake binne ɓangaren gona, a riƙe sauran iri a hannu. Baba kuwa gonar duka yake nufi, don ya san ba zai samu dawowa ba, kuma babu wanda zai bar wa shuka. Mahaifiyata ba ta fita gona, ga ta da tsohon ciki. Sannan daminar baya ba ta yi kyau ba, irin da ke rataye a ɗakin Inna da ƙyar zai ishi gonar sau ɗaya.

Inna ta ji, amma ba ta da bakin gaya masa. Baba shi ne ɗanta na fari, kuma a gidajenmu uwa tana kunyar ɗan fari. Tunda nake ban taɓa jin ta kira sunansa ba. In ya durƙusa gaishe ta da safe sai ta kau da kai ta amsa kamar da bango take magana. In dole ta ambace shi sai ta ce "mai gidan nan". Baffa Sale kuwa, shi da yake auta, ba abin da ba ta gaya masa. Da yamma ta tare shi yana goge babur.

"Kai Sale, ka gaya wa yayanka hadarin nan na ƙarya ne. Ya bar mini rabin iri."

"Inna, ni in gaya masa? Ni da ban san inda fartanyata take ba? Ai sai ya ce in sauka daga babur in zauna in shuka sauran."

"To ka sauka mana."

"In sauka in ci me?"

"Na sani ai. Kai yanzu babur ne uwarka, shi ne ubanka."

Baffa ya yi dariya, ya ce Allah ya huci zuciyar Inna, ya tayar da babur ya fice. Bai gaya wa Baba komai ba.

Da aka gama tuwo muka taru kamar kullum. Baba yakan fita ƙofar gida wajen maza, amma ranar ya zauna a tsakar gida kan wani kifaffen turmi, yana gyara ƙotar sungumin da zai yi shuka da shi. Baffa Sale ya dawo yana kishingiɗe a gefe. Inna ta jawo tabarmarta har ta fi kullum matsowa waje, ta ɗaga murya ta ce ta kamo wata a bayan rumbu. Muka ce ta sake ta. Sai ta ɗauko tatsuniyar ƙaho, wadda duk mun sani.

Wani gari ne a gindin dutse. Wata rana wata baƙuwar tsohuwa ta zo da ƙishirwa, suka ba ta ruwa, ita kuma ta bar musu ƙaho. Ta ce duk abin da aka busa wa ƙahon nan, kafin gari ya waye zai girma. Mai gari ya karɓa ya rataya a wuyansa. Aka busa wa gidansa, ya zama kamar tsauni. Aka busa wa kasuwa, ta kai inda ido ba ya kai wa. Aka busa wa ganuwa, da rigunan fadawa, da gangunan makaɗa.

Nasiru ya ce, "Inna, har da jaki?"

"Har da jakin mai gari. Ya zama kamar raƙumi, in ya yi kuka sai kaji su faɗo daga kan danga."

A garin akwai manomi ɗaya da gonarsa take ciyar da kowa. Kullum sai ya zo fada ya faɗi ya ce, ranka ya daɗe, a busa wa gonata. Sai a ce masa, gona ai ba gudu za ta yi ba, je ka ka dawo. Ya je ya dawo, a ce yau ranar busa wa ƙofar gari ce. Gari ya yi ta girma, mutane suka yi ta zuwa daga nesa suna zama, kowa da bakinsa, gona kuwa tana nan yadda take. 'Ya'yan manomi ma suka bar shi, suka koma bin mai ƙaho suna riƙe masa riga. Ana nan, ranar nan aka buɗe rumbun gari aka tarar ko ɓera ya yi ƙaura.

A yadda muka saba ji, a nan fadawa suke zuwa su ce manomi ya kawo irinsa, shi kuma ya gudu da shi cikin kogon dutse, ya jira ruwa, ya ceci garin. Har na buɗe baki zan faɗi abin da manomin yake cewa a bakin kogo, don na haddace. Amma Inna ta bi wata hanya.

Ta ce, "Sai babban ɗan manomin ya zo. Ya ce shi sauri yake, ana jiransa a wajen masu ƙaho. Ya kwashe irin ubansa kaf, ya watsa a ƙasa busasshiya, aka busa ƙaho."

Na ce, "Inna, ba haka take ba."

"Yau haka take, Takwara. Yi shiru."

Ta ce kafin safiya gero ya tashi, kara kamar cinyar mutum, tsayi har ba a ganin kansa. Gari ya ɗauki guɗa. Aka kafa tsani aka hau aka yanko zangarniya, aka murza, ba ko ƙwaya. Ƙaho yana sa abu ya yi girma, amma ba ya kawo ruwa. Iri kuwa ƙasa ta riga ta shanye. Ta ce a ƙarshe mutanen garin nan fatar gangunansu suka jiƙa suka dafa.

A da in an zo wajen dafa ganga dariya muke yi har da birgima. Ranar ba wanda ya yi. Ƙarar da Baba yake yi da sungumi ta tsaya.

Ya ce, "Ummi."

"Na'am, Baba."

"Tambayar mini mai tatsuniyar nan. Shi ɗan manomin, da ya zauna jiran ruwa, me 'ya'yansa za su ci kafin gero ya nuna?"

Na juya wajen Inna. Ban kai ga buɗe baki ba ta ce, "Takwara, ki ce abin da ubansa ya ci."

"Ummi, ki ce ubansa in ya kai dami kasuwa yakan dawo da gishiri da kananzir da zanen matarsa. Yau damin nan ko maganin zazzaɓi ba ya saye."

"Ki ce da geron nan aka yaye shi."

"Ki ce ban musa ba. Ki ce tun ina kamar Nasiru nake duƙe a gonar nan, da irin fartanyar da mahaifina Malam ya bari. Abin da take ba Malam shi take ba ni, ko tsinke ba ta ƙara ba, mu kuwa bakunanmu sun ƙaru. Ki ce takin da aka yi ta faɗa a rediyo, bara sai da gero ya fid da kai aka kawo shi, kuma a kasuwa muka gan shi. Ki ce a Dutse na ga an yi titi zuwa inda ba kowa, daji ne kawai da allo, mu kuwa jakinmu har yau a rafi yake maƙalewa da kaya."

Ban taɓa jin Baba ya yi doguwar magana haka ba. 'Ya'yan maƙwabta suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Inna ta ce, "Takwara, ki ce iri ba bulo ba ne da za a jera a tafi."

Baba ya ce, "Ki ce na sani."

"To ki ce in ya sani..."

"Ki ce na sani, kuma zan koma. In ban koma ba wani zai ɗauki kwanon simintina. In na rasa shi, kuma damina ta yi irin ta bara, to gidan nan ba gero ba siminti."

Ni dai ina tsakiya, ina juya kai nan da can, ban isar da saƙon kowa ba, ba kuma wanda ya jira in isar. Baffa Sale ya yi gyaran murya ya ce, "Ni dai da za a ara mini ƙahon nan, tankin babur ɗina zan busa wa." Ba wanda ya kula shi. Inna ta naɗe tabarmarta ta shiga ɗaki. Ba ta mayar da tatsuniyar bayan rumbu ba.

Da asuba ƙarar turmi ta tashe ni. Inna ta sauke irin duka daga rufi, ta sussuke, ta sheƙe, ta cika ƙwarya. Akwai wani ɗan gora da take toshewa da tsumma, inda take ajiye tafi ɗaya ko biyu na iri kowace shekara saboda halin yau da gobe. Ina kallo ta cire tsumman, ta zazzage shi a kan na ƙwaryar, har tana bubbuga gindinsa.

Ta ce, "Kai wa mai gidan nan. Har da wannan."

Na ce, "Inna, na goran fa?"

"Ba zai isa ba in babu shi. Ɗauki ki tafi."

Na ɗauka a kan fushi ta yi haka, irin fushin da mutum zai ce to ga shi nan, ka yi yadda ka ga dama. Shekaru da yawa haka na fassara shi.

Muka fita gona. Baba yana gaba yana sara da sungumi, ni da Nasiru muna bi muna jefa iri muna rufewa da diddige. Ƙasar kamar an soya ta. Baffa Sale ya zo daga baya ya kama mana, ranar ko wasa bai yi ba. Muna gamawa Baba ya yi wanka, ya durƙusa a ƙofar Inna ya yi mata sallama. Ta ce wa bango Allah ya kiyaye hanya. Ya hau bayan babur ɗin Baffa zuwa inda zai samu motar Birnin Kudu.

Ba a daɗe ba ruwa ya zo. Muka fita tsakar gida muna rawa a cikinsa. Kafin mu jiƙe sosai ya ɗauke. Inna ta fito ta tsuguna, ta tona ƙasa da yatsa, ta tarar da busasshiya a kusa. Ta ce, "Wannan ba ruwa ba ne, tsokana ce." Gero ya tsiro, layi-layi, kore shar, gwanin kyau. Ni da Nasiru muka rugo muka gaya mata, ta ce ta ji. Ba ta je ta gani ba. Daga nan sama ta washe kamar ba a taɓa yin hadari ba. Kullum sai in je gonar in duba. Tsiron ya fara lanƙwashewa, ya murɗe, ya koma kamar zaren tsumma, iska ta kwashe.

Da ruwan gaske ya sauka, Inna ta ɗauki ƙwarya ta shiga gari gida-gida, ni ina bin ta. Ta san duk wanda ta taɓa ba iri. Wasu suka ce ai su ma nasu mazan binne suka yi suka koma. Wasu sun bar noman gero. Wasu suka ɗebo mata, ta zuba a tafin hannu, ta murza, ta shinshina, ta ce wannan ya gauraya, ta yi godiya ta mayar. A lokacin na zaci taurin kai ne. Daga baya na karanta cewa gero yakan gauraya da na maƙwabta ta iska, don haka wataƙila gaskiyarta ce, wataƙila kuma rabin nata ne a ciki ta ƙi karɓa. Ba zan iya yanke hukunci ba. Abin da na sani shi ne ranar, a hanyar komawa gida, na ji tana magana ita kaɗai, tana kiran sunan mahaifinta tana ba shi haƙuri.

Baffa Sale ya sayo iri a kasuwar Gwaram, wanda ba wanda ya san asalinsa, aka sake shuka a makare. Dole in faɗi gaskiya a nan: ba mu kwana da yunwa a shekarar ba, kuma ba gonar ce ta ciyar da mu ba. Masara ce da Baba yake aikowa ta hannun wani direba. Da aka haifi ƙanwata, da guminsa na Dutse aka yi suna. Da lokacin girbi ya zo Inna ba ta shiga gona zaɓen iri ba, ba ta kuma sake shiga ba har ta rasu. Baba ya dawo da kwanon rufi, ya fara da ɗakinta. Ta zauna a waje tana kallo ana yaye tsohon rufin da ya yi baƙi da hayaƙi, ta ce wa Baffa Sale ya gaya wa mai gidan nan Allah ya yi albarka.

Na girma ina jin haushin Baba. Da kwanon simintin nan ya kai ni sakandare a Birnin Kudu, da shi na je jami'a, amma duk da haka a zuciyata shi ne ɗan manomin da ya kwashe iri. A jami'a na karanta tattalin arziki. Wata rana malaminmu ya yi mana bayani, cikin kwanciyar hankali, cewa haka abin yake a ƙasa mai tasowa: gini da sufuri da ciniki su yi gaba da gudu, noma ya biyo a hankali, mutane su bar gona su koma birni. Na rubuta, na mayar masa a jarrabawa, na ci. Amma a littafin da muke karantawa ma akwai sharaɗi. Hannun da aka ɗauke daga gona, ana mayar mata da wani abu a madadinsa, ko taki a kan lokaci, ko ruwa, ko ingantaccen iri, ko hanya, ko farashin da zai riƙe mutum, don 'yan kaɗan da suka rage su noma abin da ya fi na da. Mu an ɗauke mana hannayen, ba a mayar da komai ba. An ɗauki Baba, an ɗauki Baffa Sale, an bar wa gona tsohuwa da yara biyu, sannan a hau mumbari a yabi manomi da haƙuri.

Ina taka-tsantsan da wannan magana, don ba ni da alƙaluma a hannu, kuma ba na so in ce ba a yi komai ba. Na san akwai masu noman riɗi da shinkafa da suka samu, na ga wuraren da aka yi noman rani. Amma ina da ido. Duk lokacin da na bi hanyar gida ina ganin gidajen mai, da shaguna, da dogayen ƙarafan waya, yara kowa da waya a hannu. Ka sauka daga kwalta ka yi 'yar tafiya, sai ka tarar da mutum duƙe da fartanya, yana kallon gabas, ba shi da abin dogaro sai hadari. In damina ta ƙi, masu ofis ba sa dafa ganga. Daga wani wuri ake kawo musu, ko da tsada. A nan tatsuniyar Inna ta yi wa duniya kyakkyawan zato.

Bayan rasuwarta, Baba ya riga ya dawo gida gaba ɗaya, bulo ya cinye masa baya, na je hutu. Muna zaune da yamma na yi ƙarfin hali na tambaye shi.

"Baba, ranar tatsuniyar ƙaho, ka san da kai take tun farko?"

"Tun da ta jawo tabarma waje na sani."

"Amma duk da haka ka binne duka. Har da na gora, da ta zazzage don fushi."

Ya dube ni, abin da bai cika yi ba. Ya ce, "Wa ya ce miki fushi ne?"

Na ce haka na gani.

"Ummi, Inna in ta yi fushi ɓoye abu take, ba ta bayarwa. Da ta so, da ta sa goran nan a ƙarƙashin gado, wa zai shiga ya bincike ta? Ni? Ta ji amsar da na ba ta ne, ta kwana tana nema mini wata hanya, ba ta samu ba. Ta san ruwan zai yaudare mu, ni ma na sani. Ta ga in za a yi asara, gara a yi ta tare, da a ce ta bar ni ni kaɗai."

Ya ce in miƙo masa buta, lokacin salla ya yi.

Tun daga ranar na daina jin haushin Baba, amma raina bai huce ba, ƙara ɓaci ma ya yi. Da a ce ɗayansu wawa ne, ko mugu, da abin ya zo mini da sauƙi. Mutum biyu ne masu hankali, kowa ya san gona, kowa ya san sama, kowa ya fahimci ɗan'uwansa sarai, aka matse su har suka ɗauki abin da ya fi komai daraja a gidan suka zuba a ƙasar da suka san za ta kashe shi. Inna ta harba tatsuniyarta ga ɗanta don shi kaɗai ne muryarta za ta iya kai wa. Waɗanda ya kamata su ji ta ba su taɓa zama a tsakar gida irin namu ba, kuma ba su san an yi asarar komai ba. Ban sani ba ko geron nan yana da wani suna a wani wuri, ko akwai wata tsohuwa a wajen Sundimina da har yau take rataye shi. Na tambaya sau da yawa. Duk wanda na kwatanta wa sai ya ce ya san irinsa, a da.